Yadda Na Kwashe Karatun Baffa da Takardun Gidanmu Zuwa Faifai

Bayan daminar 2022, wadda ambaliyarta ta ci gonaki da gidaje a sassa da dama na Jihar Jigawa, manyan gidanmu suka zauna suka yanke shawara cewa duk takarda ko hoto ko muryar da ba za mu iya jure asararta ba, sai an yi mata kwafi an ajiye a wuri fiye da ɗaya. Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Ringim, ba nisa da kogin Haɗeja, kuma ko da yake Allah ya tsare namu ɗakunan, ruwa ya shiga zauren wani maƙwabcinmu ya kwana a cikin akwatin da yake ajiye takardun gonarsa, har tawadar sa hannun shaidu ta narke ta daina karantuwa. Da yake ni ne malamin firamare a gidan, kuma ni kaɗai nake da kwamfuta, ba a daɗe ana neman wanda za a ɗora wa aikin ba.

Takardun ba su da yawa: na cinikin gona masu hatimin dagaci, na rabon gadon kakanmu, sai shaidar kammala makaranta ta yaran gidan. Hotunan biki da na suna ma ba su ci wuri ba. Abin da ya fi yawa, kuma ya fi kwanta mini a rai, shi ne karatun Baffa, yayan mahaifina, wanda ya daɗe yana limanci a masallacin unguwarmu yana kuma yin tafsiri duk watan azumi. Almajiransa sun riƙa ɗaukar muryarsa da wayoyinsu shekara bayan shekara, kowa yana ajiyewa a nasa memorin, har karatun ya warwatse a hannun mutane da yawa, wasu suna Kano cirani, wasu sun sayar da wayar har da abin da ke cikinta. Baffa ya manyanta, muryarsa ta fara rauni, kuma na san cewa abin da aka ɗauka a shekarun baya ba zai sake fitowa da irin wancan ƙarfin ba.

Mutane da dama sun tambaye ni dalilin da ya sa na zaɓi faifan CD da DVD a zamanin da kowa ya koma memori da filash, kuma tambayar tana kan hanya. Amsata ita ce memori abu ne da taɓawa ɗaya take gogewa. Yaro ya ara don ya sa waƙa, ko mai turi ya ce ƙwayar cutar kwamfuta ta shiga sai an wanke shi, shi ke nan aikin shekaru ya tafi. Ajiya a intanet kuwa tana bukatar data da sabis mai ƙarfi da lambar sirrin da ba za a manta ba, alhali a garinmu wani lokacin sai mutum ya hau tudu kafin ya aika hoto ɗaya. Faifan da ake rubutawa sau ɗaya, idan an rufe shi, babu mai iya ƙara masa harafi ko ya rage, kuma ƙwayar cuta ba ta da ƙofar shiga bayan an gama. Ga shi kuma har yanzu gidaje da yawa a nan suna da na'urar DVD da suka saya tun lokacin da finafinan Hausa suke zuwa a faifai, tana nan kusa da talabijin an lulluɓe ta da ƙyalle. Ban ce faifai ba ya lalacewa ba, yana lalacewa, amma hanyoyin lalacewarsa sanannu ne kuma ana iya kauce wa mafi yawansu.

Kwamfutata ta cinya ce, ta hannu, mai Windows 7, kuma tana da aljihun faifai a gefen dama. Yawancin sababbi ba sa zuwa da shi, sai dai mutum ya sayi na waje wanda ake jonawa da wayar USB. Abin da na fara dubawa shi ne ko na'urar tana rubutu ko karantawa kaɗai take yi, domin ba duk aljihun da ke karɓar faifai ne yake iya rubuta shi ba. Alamar tana jikin murfin aljihun, kuma da na ga RW tare da tambarin DVD hankalina ya kwanta. Ƙurar hunturu ta riga ta kwanta a ciki, sai na hure ta da ɗan famfon roba ba tare da na taɓa ƙaramin idon gilashin da ke tsakiya ba, saboda ta cikinsa ne hasken leza yake fita, kuma shatin yatsa ɗaya a kansa ya isa ya ɓata aiki.

Faifai marar komai ya yi wuya a kasuwannin ƙauye, don haka sai da na shiga Kano na same shi a wajen masu kayan lantarki a Sabon Gari. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Malam, na sauti kake so ko na fim?" Na ce masa duka biyun nake so, kuma waɗanda ba a gogewa. A wurinsa CD shi ne na sauti, DVD kuma na fim, amma a wurin kwamfuta bambancin na girman ciki ne: CD yana ɗaukar megabayit 700, ko minti 80 idan an yi shi na sauti zalla, DVD mai shimfiɗa ɗaya kuma an rubuta masa gigabayit 4.7, wato ya ninka CD fiye da sau shida, duk da cewa faɗinsu ɗaya ne, santimita 12. Wanda aka rubuta wa R sau ɗaya ake rubuta shi, wanda aka rubuta wa RW kuma ana iya gogewa a sake. Na sayi RW kaɗan don gwaji, sauran duka R, domin abin da nake gudu ke nan tun farko, a ce akwai hanyar gogewa. Tsofaffin rediyoyi masu CD ma da yawansu ba sa karanta RW, saboda bayansa ba ya mayar da haske sosai kamar na R.

Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka cewa rubuta faifan shi ne babban aikin, amma shirya abin da za a rubuta ya ci lokaci ninkin-ba-ninkin. Takardun na ɗauke su hoto da waya da hantsi, a inuwar zaure, a kan tabarma, gaba da baya, na kuma buɗe kowane hoto a fuskar kwamfuta na ƙara girmansa don in tabbatar ana karanta sunayen shaidu da iyakokin gonar. Hoto ba ya maye gurbin takardar asali, wannan na faɗa wa manya tun farko, amma ya fi a ce babu komai a hannu ranar da aka tashi rigimar iyaka. Memorin almajirai kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya ina arowa, ina kwafe abin da ke ciki zuwa cikin kwamfutar kanta, sannan in mayar wa mai shi da kayansa. Wannan kwafewar tana da muhimmanci, domin manhajar rubuta faifai ba ta riƙe fayil ɗin da aka ja mata, wurin da yake kaɗai take tunawa, don haka idan aka ja shi kai tsaye daga memori sannan aka zare memorin kafin a fara rubutu, za ta nema ta rasa.

Sai batun sunaye. Wayoyi suna sa wa muryar da suka ɗauka sunaye na lambobi marasa ma'ana, dole na saurari farkon kowane fayil da ƙarshensa don in gane shekarar da kuma inda aka tsaya. Na buɗe folda ga kowace shekara, a cikinta kuma na sa wa kowane zama lamba mai gurbi biyu, 01, 02, har zuwa ƙarshen wata, sannan sunan sura. Dalilin sifilin nan shi ne na'urorin DVD da yawa suna jera sunaye harafi bayan harafi, sai zama na 10 ya biyo bayan na 1 kafin na 2 ya zo, kuma a karatun da yake bin jerin ayoyi wannan ba ƙaramin rikici ba ne. Na kuma guji haruffa masu lanƙwasa a sunayen fayil, na rubuta Bakara a maimakon Baƙara, ba don na so ba, sai don ƙananan fuskokin na'urorin nan sukan nuna ɗan akwati ko alamar tambaya a wurin harafin da ba su sani ba. Sunayen ma na taƙaita su, domin tsarin Joliet da ake rubuta yawancin faya-fayan bayanai da shi ba ya wuce haruffa 64 a suna ɗaya. Wasu tsofaffin wayoyin sun ɗauki muryar a nau'in AMR, wanda na'urar DVD ba ta san shi ba, sai na mayar da su MP3 da manhajar Format Factory. Sauyawar ba ta ƙara wa murya kyau, abin da wayar ta ɗauka shi ne iyakarsa, shi ya sa na ajiye na asalin ma a wata folda dabam, ban goge ko ɗaya ba.

Ja da sakin kansa abu ne mai sauƙi: a ɗora kibiya a kan fayil, a danne maɓallin hagu na linzamin kwamfuta, a ja shi zuwa inda ake so ba tare da an ɗaga yatsa ba, sannan a saki. A kan ɗan falon taɓawa na kwamfutar cinya yatsa yakan suɓuce a tsakiyar hanya, folda ta faɗa cikin wata folda ba a sani ba, don haka na jona linzami na waje tun daga farko. Akwai kuma wata ƙa'ida ta Windows da ya kamata duk mai wannan aikin ya riƙe: idan aka ja fayil daga wata folda zuwa wata a cikin rumbu ɗaya, ɗauke shi ake yi daga inda yake, amma idan aka ja shi zuwa wani rumbu dabam, kamar filash ko faifai, kwafi ake yi. Wanda yake son kwafi a kowane hali sai ya danne maɓallin Ctrl yayin da yake ja, zai ga 'yar alamar tarawa ta bayyana kusa da kibiyar.

Da na danna faifai marar komai a kan sandar tsakiyar aljihun har ya yi ƙas, na tura aljihun ciki, sai taga ta buɗe tana tambayata sunan da zan sa wa faifan da kuma yadda nake son amfani da shi. Zaɓi biyu ne, kuma a ganina duk aikin a kan wannan zaɓin ya rataya. Na farko shi ne a yi amfani da faifan kamar filash, wato da zarar an ja fayil an saki nan take ake rubuta shi, gobe a ƙara wani, har a iya cire wanda ba a so. Wannan ya fi daɗin aiki, amma bayanin da ke ƙarƙashinsa ya nuna cewa don kwamfutoci aka yi shi, daga Windows XP zuwa sama. Kuma a kan faifan R cirewar ta ido ce kawai, sunan fayil ɗin ne yake ɓacewa daga jeri, wurin da ya ci ba ya dawowa. Na biyu shi ne a shirya faifan don na'urar CD ko DVD, inda ake tara fayilolin gaba ɗaya sannan a rubuta su a zama ɗaya. Na yi gwajin duka biyun da gangan, na kai su gidan Baffa. Wanda aka yi a tsarin filash ya yi ta juyi a cikin na'urarsa ba ta nuna komai ba, ɗayan kuwa nan da nan ta jero foldojinsa a talabijin. Tun daga nan ban sake komawa kan na farko ba, domin ba don kwamfutata nake yin faya-fayan nan ba, don ɗakunan da babu kwamfuta ne.

A tsari na biyun akwai wani wuri da ke yaudarar ido, kuma na ga wani abokin aikina ya kusa zare faifai a daidai nan yana cewa an gama. Idan an ja fayiloli an saka a tagar faifan, suna bayyana a ciki da 'yar kibiya a jikinsu, a ƙarƙashin rubutun da ke cewa suna jiran a rubuta su. A wannan lokacin babu ko harafi ɗaya a kan faifan, fayilolin suna wata ma'ajiya ta wucin gadi a cikin kwamfutar, kamar buhunan da aka jera a bakin titi ranar kasuwa ana jiran mota. Sai an danna umarnin rubutawa da ke saman tagar, an zaɓi gudu, an jira har aljihun ya buɗe da kansa, sannan kaya suka hau.

Don babban aikin na koma kan CDBurnerXP, manhaja ce ta kyauta wadda wani ɗalibina na dā ya kawo mini a filash daga Dutse. Tana buɗewa da jerin ayyuka, faifan bayanai, faifan sauti, DVD na bidiyo, kwafin faifai, goge faifan RW, sai mutum ya zaɓi wanda ya kawo shi. Tagar aikin ta rabu biyu, sama foldojin kwamfuta, ƙasa kuma cikin faifan da ake haɗawa, kuma aikin duka shi ne a jawo daga sama a saki a ƙasa. Abin da ya fi amfanata a cikinta shi ne layin da ke can ƙasa mai nuna yadda faifan yake cika yayin da ake ƙara kaya. A nan ne na ga DVD da aka rubuta wa 4.7 a jikin kwali ya tsaya a wajen 4.38. Ba cuta ba ce daga mai shago, lissafi ne iri biyu: masu ƙera faifai suna ƙirga da dubu-dubu, kwamfuta kuma da 1024, sai adadin abu ɗaya ya fito da lamba biyu. Na riƙa barin ɗan sarari ban cika faifan maƙil ba, saboda rubutu daga tsakiya yake farawa ya yi ta zagayawa zuwa waje, kuma bakin faifan ne yake fara shan yatsu da ƙarzuwa.

Gudun rubutu ma zaɓi ne. An rubuta 52x a jikin CD ɗin, 16x kuma a jikin DVD, wato sau nawa gudun rubutu zai ninka gudun asali na faifan, amma wannan iyakar abin da za su iya ɗauka ne, ba dole ba ne a kai can. Na tsayar da CD a 16x, wanda yake cika faifai a cikin minti biyar da 'yan kai, DVD kuma a 4x, kimanin kwata ɗin awa. Na'urata ta tsufa, kuma na fi son in jira 'yan mintuna a kan in sami faifan da wata na'ura za ta karanta wata ta ƙi. Babban abin tsoro a ƙauye shi ne wuta. Idan ta yanke ana tsakiyar rubutu a kwamfutar tebur marar batirin ko-ta-kwana, faifan R ya tashi aiki, ba a gyara shi. Kwamfutar cinya tana da nata batirin, amma nawa ya yi sanyi, shi ya sa nake yin aikin bayan azahar lokacin da solar gidanmu ta cika batirinta, in jona caja, in rufe duk wata manhaja, in kashe saitin da ke sa kwamfuta barci. Ina ɗora ta a kan benci mai ƙarfi, ba a kan katifa ko cinya ba, saboda iska ta shiga ta ƙasa kuma kada ta girgiza. Yara na roƙe su su yi wasansu a tsakar gida har a gama. Da an danna, sai a ji faifan ya ɗauki gudu da wani gurnani marar ƙarfi, 'yar fitilar aljihun tana ƙiftawa, layin ci gaba yana tafiya a hankali, benci yana ɗan rawa a ƙarƙashin tafin hannu.

Kafin rubutun ya fara manhajar tana tambaya ko a bar faifan a buɗe don a ƙara wani abu daga baya, ko a rufe shi. Kullum rufewa nake zaɓa, ko da sarari ya rage, domin na'urori da yawa ba sa gane faifan da aka bari a buɗe, ko kuma su ga kashin farko kaɗai. Ina kuma sa alama a wurin da ke cewa a tantance bayan an gama, inda manhajar take sake karanta faifan daga farko tana gwada shi da fayilolin da ke cikin kwamfuta. Wannan yana ƙara lokaci sosai, kuma na san mutane suna tsallake shi, amma ban ga amfanin ajiyar da ba a tabbatar da ita ba. Idan faifan ya fito da ɗuminsa aka juya bayansa ga haske, ana ganin iyakar rubutun da ido, wani zobe mai ɗan duhu daga tsakiya zuwa inda aka tsaya. Abin da ya faru shi ne akwai siririyar shimfiɗar rini a cikin faifan, hasken leza ya bi ta yana ƙona ɗigo-ɗigo ƙanana da ido ba ya rarrabewa, kuma waɗannan ɗigogin ne na'ura take karantawa. Wurin da ya ƙone ba ya komawa yadda yake, dalilin da ya sa ba a goge faifan R ke nan.

DVD na yi su ne a matsayin rumbun ajiya, takardu da hotuna da muryoyin asali duka a ciki. Na saurare kuwa iri biyu na yi, kuma bambancinsu ya kamata a fahimce shi. CD na MP3 faifan bayanai ne, girman fayil ake ƙirgawa, kuma da yake MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabayit ɗaya a minti, faifai ɗaya yana ɗaukar kimanin awa 12 na karatu, mai kilobit 64 kuma ninkin haka, wanda ya wadatar ga muryar mutum ɗaya. Wannan shi ne na na'urar DVD da rediyon mota mai karanta MP3. Amma Inna, mahaifiyata, tsohon rediyo take da shi mai kaset da CD, wanda bai san MP3 ba sam. Nata dole ya zama faifan sauti na ainihi, irin tsarin da kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, kuma shi mintuna yake ƙirgawa, komai ƙanƙantar fayil ɗin ba zai wuce minti 80 ba. Zaman Baffa kuwa wani yakan kai awa ɗaya da rabi. Sai na buɗe shi a manhajar Audacity, inda murya take bayyana a zane mai hawa da sauka, na nemi wurin da alaramma ya kai ƙarshen aya Baffa kuma ya gama fassara ta ya ja numfashi, na yanke a nan. Ban yarda in yanke a inda lissafin minti ya faɗa ba, domin raba aya da fassararta a faifai biyu rashin ladabi ne ga karatun da kuma mai sauraro. Kowane faifai na sake rarraba shi gaɓa-gaɓa na kimanin minti goma, saboda idan Inna ta tashi yin salla ta dawo ta iya danna maɓallin gaba ta koma kusa da inda ta tsaya, na kuma cire shirun daƙiƙa biyu da manhajar take sakawa tsakanin gaɓoɓi don kada magana ta riƙa katsewa.

Ranar da na kai wa Baffa nasa, bayan la'asar ne, yana zaure da wasu almajiransa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga aikin nan ya fara kammala, ina so a gwada a gabanka." Aka tayar da inji, ƙanena ya sa faifan, foldojin shekaru suka jeru a talabijin, aka zaɓi mafi tsufa. Baffa ya saurara na ɗan lokaci kansa a sunkuye, sannan ya ɗago ya ce, "To ɗana, idan wannan ya shiga hannun wani, zai iya cire wata magana ko ya ƙara abin da ban faɗa ba?" Na ce, "A kan wannan faifan dai ba zai iya ba, Baffa, an rufe shi. Mutum zai iya kwafewa ya je ya yi abin da ya ga dama da nasa kwafin, amma wannan yana nan yadda yake, kuma da shi za a gwada duk wanda aka yi shakka a kansa." Ya ce in haka ne in rubuta shekara da sunan masallaci a jikin kowanne, in kuma sa hannu, ya sa mini albarka. Tambayarsa ta sa na ƙara kwafi ɗaya da ba a saurare da shi ko kaɗan, ajiye shi kawai ake yi don ya zama abin komawa.

Rubutun jikin faifai da alƙalamin maka mai laushin baki na yi shi, ba da biro ba. A CD shimfiɗar da ke riƙe da bayanai tana dab da saman da ake rubutu a kai, fenti ne siriri kawai ya rufe ta, don haka ƙarzuwa a sama ta fi ta ƙasa haɗari, kuma bakin biro yana iya huda ta. DVD ya fi jure wannan, saboda tasa shimfiɗar tana tsakiyar roba biyu da aka manne. Takardar manne ban sa ba, domin zafi yana ɗaga ta kuma tana sa faifai ya yi nauyi a gefe ɗaya yayin juyawa. Babban maƙiyin faifan R a ƙasarmu shi ne rana da zafi, tun da rinin da zafin leza ya rubuta a kansa zafin rana ma yana taɓa shi, kuma a watan Afrilu ɗakin kwano yakan yi zafin da ko mutum ba ya iya zama a ciki. Kowane faifai na sa shi a gidansa na roba, na jera su a tsaye a cikin akwatin ƙarfe, a ɗakin soro mai sanyi, a kan kanta nesa da ƙasa saboda laima da ruwa. Na nuna wa yaran gida yadda ake riƙe shi ta baki da ramin tsakiya, da kuma yadda ake goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa waje, ba a zagaye ba, domin ƙarzuwar da ta bi layin rubutu ta fi wadda ta gitta shi ɓarna.

Kwafin ajiya ɗaya yana gidanmu, ɗaya yana wurin yayata da ke aure a Gumel, ɗaya kuma yana Kano a hannun ƙanin mahaifiyata, kuma foldojin duka suna nan a cikin kwamfutar da wani filash da ba na ba kowa aro. Na sa wa kaina cewa duk watan Sha'aban zan fito da na gida in buɗe su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fara jinkirin buɗewa in sake masa sabo daga kwafin da ke da lafiya, in kuma ƙara faifan shekarar da ta gabata. Yanzu almajiran sun san tsarin, ana gama azumi suke kawo mini memorinsu kafin kowa ya kama hanyarsa. Abin da ya rage shi ne wata jakar kaset da aka samo a ɗakin Baffa, na shekarun da ba a fara ɗauka da waya ba. Su ba a ja su a saki, sai an jona rediyon Inna da kwamfuta ta wayar sauti, a kunna kowane kaset ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe ana naɗa, gefe ɗaya sannan ɗayan, kuma na riga na sayo wayar, ina jiran hutun makaranta in fara.